Hannun Kallamu da Kunnen Shago

Kallamu wanzami ne, ɗan wanzami, jikan wanzami. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Barno da zabira a kafaɗa, ya sauka a Gidan Buwai, wani ƙauye kusa da Tsanyawa inda gona ke manne da gona, ba a bar ko wurin ɗaure jaki ba. Tun daga lokacin duk kan da aka aske a ƙauyen, na masu zuwa masallaci da na masu zuwa coci, hannun gidansu ne ya aske shi. Da kaka kowane gida kan aiko masa da dami. Yana kuma noma 'yar gonarsa ta gero da wake kamar kowa.

Ba mai surutu ba ne. In ka tambaye shi ko ya iya aski ba zai amsa ba, sai dai ya nuna maka tabarma. Yana ɗan shekara sha takwas mahaifinsa, Malam Uzairu, ya miƙa masa zabira wata safiya ya ce, "Ka girma, riƙe." Tsohon bai sake taɓa aska ba har ya rasu. Abu ɗaya ya koya wa ɗansa da baki, sauran duk da ido Kallamu ya ɗauka: kada ka ɗora aska a kan da ba ka shafa ba. Ka jiƙa shi, ka bi shi da tafin hannu daga goshi zuwa ƙeya, ka san inda ƙurji yake da inda tsohon tabo yake, sannan ka fara. Shekara arba'in da huɗu Kallamu yana bin wannan, bai taɓa fitar wa kowa jini ba sai mai neman ƙaho.

Sai bara, farkon damina, ya yanki kunnen Shago.

Shago maƙwabcinsa ne, manomi, dattijo a cocin ƙauyen, kuma tun suna yara suke tsokanar juna. Kowace Asabar yakan zo a gyara masa kai saboda Lahadi. Ran nan yana zaune a gindin tsamiya yana mitar taki, askar ta zo bayan kunnen hagu, hannun Kallamu ya yi wata 'yar rawa, saman kunnen ya tsage. Ba wani babban rauni ba ne, amma kunne akwai jini.

Shago ya taɓa wurin ya dubi yatsunsa. "Ɗan Barno, shaida kake yi mini kamar akuya? Ai ba ɓata zan yi ba."

"Kai ka motsa."

"Ban motsa ba. Bakina kaɗai ke motsi, shi kuwa ka saba da shi."

Kallamu ya san gaskiya Shago ya faɗa. Ya fi wata shida yana ganin abin. In hannun na ajiye a cinya, lafiya lau yake. Da ya ɗauki moɗa zai kai baki sai kyarma, ruwa na tsiyaya a gemu. Ya koma shan koko da hannu biyu. In yana cikin mutane sai ya cusa hannun dama cikin riga. Matarsa Amsa ta lura tun tuni, don ita ke wanke rigunan da miya ta ɗiga, amma duk sanda ta ce, "Malam, yaya hannun?" sai ya ce, "Da sauƙi." Haka aka tashe shi, haka kowa yake a ƙauyen. Mutum na kwance ba ya iya ɗaga kai, ka ce masa yaya jiki, ya ce da sauƙi. Faɗin wani abu daban kamar rashin godiya ne ga Allah.

Wani mai kemis ya ba shi maganin ƙarin jini. An kawo masa jiƙo daga gida uku. Wani ya ce ya riƙa shan shayi mai kauri don ƙarfin jiki, ya sha, hannun ya ƙara rawa.

Dorathy ce ta tsayar da maganar. 'Yar Shago ce ta uku, nas a wani ƙaramin asibiti a Dawakin Tofa, inda take aure. Ta zo ganin gida da cikinta na fari, ta ga filasta a kunnen babanta, ta ji labari, ta wuce gidan Kallamu. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta ɗebo ruwa a kofi ta miƙa masa.

"Baba Wanzam, riƙe mini da hannu ɗaya."

Ya riƙe. Ruwan ya zuba a tabarma.

"Yaya hannun?"

"Da sauƙi."

"Tabarma ba ta ce haka ba." Ta karɓi kofin. "Baba, kai ka aske ni ranar sunana, kai ka aske yayyena. A nan gida zan haihu da kaka in Allah ya kai mu, kuma ba na son kowa ya taɓa kan abin da zan haifa sai kai. Amma da wannan hannun ba zan miƙa maka ba. Sai likitan jijiyoyi ya gani."

Kallamu ya dubi jiƙaƙƙiyar tabarmar. Ya san ƙauyensa. Ranar da aka kira wani wanzami gidan Shago, wanda bango ɗaya ya raba su, kowa zai gane an gama da shi, gidaje su janye ɗaya bayan ɗaya ba tare da an ce masa uffan ba.

Bai ma san akwai likitan da aikinsa ke nan ba. Dorathy ta yi masa bayani. Kamar yadda ake da na ido da na haƙori, akwai wanda ya ƙara shekaru yana karatun ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyin da ke kai saƙo hannu da ƙafa. Ba su da yawa, kuma a birni suke, a babban asibiti. Ta karɓo masa takarda daga likitan wurin aikinta, aka ba shi rana bayan mako biyar.

Mako biyar ya yi wa Amsa nisa. Direban motar da ke kai mutane Kano ya ba ta labarin wani asibitin kuɗi a bakin birni inda ba a bin layi. Ta matsa, ta matsa, har Kallamu ya sa babbar riga suka tafi. Shago ya bi su, wai kunnensa ne shaida.

Wurin ya yi kyau, ba ƙarya. Tayil a ƙasa, sanyin na'ura, talabijin a bango. Allon ƙofa ya jera abin da ake warkarwa: olsa, basir, rashin haihuwa, ciwon ƙoda, jijiyoyi, da wasu da Shago ya gaji da karantawa. Likitan mai fara'a ne. Ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji," ga mutumin da bai taɓa wuce Zariya ba, ya nuna masa kujera a ɗaya gefen wani faffaɗan tebur.

"Yaya jikin?"

"Da sauƙi," in ji Kallamu, hannunsa cikin riga.

"Madalla. Hannu ne ke rawa, ko? Ƙaramin abu ne, irinsa nawa muka gani. Mako biyu, Alhaji, ka manta an yi."

Ya yi ta ba su labarin na'urorinsa da ƙasar da aka sayo su, yana rubutu. Ya ce a ɗauki hoton kai, a yi allura bakwai, ga ƙwayoyi kala biyar.

Amsa ta fito da murna. A cikin adaidaita sahu ta ce, "Ka ji mutumin kirki. Mako biyu kacal."

Da suka kai tasha Kallamu ya ce, "Bai ga hannun ba."

"Ai ya ce ya san irinsa."

"Yana cikin rigata tun da muka shiga har muka fito. Ko yatsu nawa ne da ni bai sani ba."

"Ni ma sau biyu ina juya masa kunne," in ji Shago, "ko kallo ban samu ba."

Ba a yi allurar ba. Kallamu ya ninke takardar ya sa a zabira, ya koma noma yana jiran ranarsa. Ya daina karɓar kowa a tabarma, ya ce aikin gona ya yi yawa. Shago kaɗai ya ƙi ji. Asabar na yi sai ga shi ya cire hula, ya ce kunne biyu Allah ya ba shi, har yanzu da sauran ɗaya.

Ranar da aka sa, suka fita bayan sallar asuba, shi da Shago da Dorathy. A babban asibiti aka yanki kati, aka bi layi, aka zauna a benci tun bakwai har aka yi azahar. Da aka kira shi, ya shiga wani ɗan ɗaki mai fanka da ba ta juyawa, ya tarar da wata mace siririya, farar riga a kan hijabi, idanunta duk gajiya. Ba za ta girmi 'yarsa Khadijat ba.

Ya juya ga Dorathy. "Ina likitan?"

"Ita ce, Baba. Dokta Aina'u."

"Wannan ai ka girmi babanta," in ji Shago a hankali, amma ba a hankalin da ba za a ji ba.

Likitar ta yi murmushi. "Baba, sannu da hanya. Yaya jikin?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi. To, mun gama gaisuwa. Fito mini da hannun."

Ta taso daga kujerarta, ta jawo wata ta zauna kusa da shi. Ta karɓi hannun ta juya shi, ta lanƙwasa wuyan hannu da gwiwar hannu, ta ji bugun jini, ta shafa wuyansa. Ta sa ya miƙe hannuwan biyu ta ɗora takarda a kai, takardar ta yi ta kaɗawa. Ta sa ya taɓa hancinsa ya taɓa yatsanta. Ta fitar da shi baranda ya je ya dawo, ita tana tsaye tana kallon tafiyarsa yadda ake kallon bijimi a kasuwa. Ta ba shi biro ta ce ya zana zagaye daga ciki zuwa waje kamar saƙar faifai, zanen ya fito kamar haƙoran zarto. Ta tambaye shi ko yana da asma, ko yana shan wani magani, shayi kofi nawa, goro nawa.

"Mece ce sana'arka, Baba?"

"Wanzanci."

"Ka zo da kayan?"

Kallamu ko jana'iza ba ya zuwa babu zabira. Ta ce ya nuna mata yadda yake aiki, amma askar a rufe. Kafin a nemi kai, Shago ya cire hula. "Ga na gwaji nan, Likita. An riga an fara shi."

Kallamu ya shafa kan, ya bi shi da rufaffiyar aska. Likitar ta sunkuyo tana kallo. A goshi lafiya, a ƙeya lafiya. Da ya ɗaga gwiwar hannu sama don ya zagaya bayan kunne, sai rawar ta taso.

"Nan ne," ta ce. "A gidanku akwai wanda hannunsa ya taɓa yin haka?"

"Babu."

Yana rufe baki ya hango Malam Uzairu a zuciyarsa, zaune a zaure, hannun dama cikin riga, yana ɗaga ƙwaryar koko da hannu biyu. Shekara arba'in da huɗu yana zaton don gwanintarsa aka miƙa masa zabira da wuri.

"Akwai," ya ce. "Babana."

Ta gyaɗa kai. Ta ce bisa abin da ta gani, irin rawar hannun nan ce da ke bin gida. Ba shanyewar jiki ba ce, ba kuma irin wadda ke sandarar da mutum ba. Za a duba jini don a tabbatar babu wani abin da ke kawo ta, hoton kai kuwa ba ta ga dalilinsa ba yanzu.

"Ba ta warkewa, Baba, ba zan ɓoye maka ba. Akwai ƙwayar da ke rage ta ga mutane da yawa, ba kowa ba. Za mu fara da kaɗan, Dorathy ta riƙa auna maka jini da bugun zuciya. Ka bar shayi mai kauri, ka rage goro. Gajiya da yunwa na tayar da ita. Ka dawo bayan mako shida."

"Jariri fa? Zan iya?"

"Ban sani ba tukuna. In ka dawo ma gani. Kuma ranar ba na son jin da sauƙi sai in da sauƙin."

A gida ya shimfiɗa takardun biyu a tabarma. Amsa ta tsaya a kansa riƙe da muciya. Ta ce wancan ya ce mako biyu, babu layi, ga sanyi. Wannan ta ce ba a warkewa, ga wuni guda a benci, kuma yarinya ce. Wane mai hankali ne zai bar wancan ya bi wannan?

"Wancan ya ɗora aska bai shafa kai ba," in ji Kallamu. "Wannan ta shafa."

Ya miƙa mata takardar farko. Washegari a ciki ta ƙunshe daddawa.

Makon farko na shan ƙwayar ya ji jiri in ya miƙe. Dorathy ta bugo waya, ya ce da sauƙi, ya kashe. Ya zauna yana kallon wayar, sannan ya sa aka nemo masa lambarta ya ce, "Ɗazu gaisuwa ce. Ina jin jiri." Ta gaya wa likitar, aka gyara masa yadda zai sha, jirin ya tafi.

Sauran gyaran shi ya yi da kansa. Ya naɗe ƙotar askar da fata don ta yi nauyi a hannu. Ya samo kujera ya zauna sama, mai aski a ƙasa, yadda zai dafa gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa in ya zo bayan kunne. Ya daina aiki da yamma, sai da safe bayan ya karya, kuma kai uku ya tashi. Barin shayi ya fi komai ba shi wuya, musamman da Shago ya tsiri zuwa aski da kofinsa yana kurɓa da ƙara.

Da ya koma, likitar ta ciro tsohon zanensa daga fayil, ta sa ya yi sabo, ta jera su. Sabon ya yi kama da faifai, ko da yake na ɗan koyo.

"Yaya jikin, Baba?"

"Da safe da sauƙi. Da yamma babu."

"Yanzu muka fara magana," ta ce. Ta sa ya miƙe hannu ya daɗe a haka tana duban agogo. "Manya ka ci gaba da aske su. Jariri kuwa, hannun yana tsayawa na ɗan lokaci sannan ya gaji. Ka fi ni sanin kan jariri. Abin da nake so ɗaya ne. Da ka ji ta fara, ka tsaya, ko a tsakiyar kai kake."

Dorathy ta haihu bayan an yanke gero, mace. Safiyar kwana bakwai tsakar gidan Shago ta cika da mata. Gwaggon Dorathy ta zauna a tabarma da jaririyar a cinya. Dorathy ta tafasa askar da kanta, sannan ta ɗebo ruwa a kofi ta miƙa wa Kallamu a gaban kowa. Ya riƙe da hannu ɗaya. Ruwan ya yi ɗan motsi, bai zuba ba. Ta karɓi kofin ta matsa gefe.

Ya yi bisimilla. Ya jiƙa kan, ya bi shi da tafin hannu, ya ji maɗiga na bugawa a ƙarƙashin yatsunsa. Ya fara daga ƙeya. Gashin na sauka kamar auduga. Ya yi gefen dama, ya yi na hagu, ya zo bayan kunne, Shago da ke tsaye a bakin ƙofa ya dafe nasa. Aka wuce kunnuwan biyu lafiya. Saura tsakiyar kai, daidai maɗiga, abin da bai fi jan aska uku ba.

Nan ya ji ta a babban yatsa. Kaɗan ce, babu wanda ya gani. Ya san zai iya matsewa ya ƙarasa, ƙila ma a wuce lafiya. Ya ɗaga askar, ya ninke ta, ya ajiye a kan zabira.

"Baba, yaya?" in ji Dorathy.

"Babu sauƙi. Hannun ya gaji."

Shago ya matso ya leƙa kan jikarsa, ya juya shi da ido ta ko'ina.

"Tukku ka bar mata," ya ce. "Irin nawa sak ina yaro. Da shi na girma, ga shi har yau na fi ka kyau."

Mata suka fashe da dariya, gwaggo har tana girgiza jaririya. Dorathy ta ɗauko almakashi ta rage gashin, ta bar kaɗan. Godiya aka raɗa wa yarinyar, amma a ƙauyen 'Yar Tukku ake kiranta.

Ita ce jaririyar ƙarshe da Kallamu ya aske. Shi ya gaya wa likitar haka da ya koma, ba ta ma tambaya ba. Ya je kasuwar Tsanyawa sau uku yana zama kusa da wanzamai yana kallon hannuwansu, har ya ga wani mai suna Abdulkabir da ke shafa kai kafin ya buɗe aska. Shi yake kira yanzu in an yi haihuwa, ya tsaya a kansa har a gama. Gidajen da ya ji tsoron za su janye ba su janye ba. Da kaka damman suka zo kamar kullum.

Yanzu in wani a ƙauyen zai je ganin likita ya zo neman shawara, Kallamu ba ya dogon bayani. Cewa yake a lura ko likitan zai taso daga kujerarsa, kuma in an gama gaisuwa a faɗa masa gaskiya. Duk wata uku yakan bi motar asuba ya je ya zauna a benci, ya zana faifansa, ya dawo.

Ranar Asabar kuwa Shago na nan a gindin tsamiya da kofin shayinsa. Yakan cire hula, ya dafe kunnen hagu, ya ce, "Ɗan Barno, yaya hannun yau? Ba gaisuwa nake yi ba."

Kallamu ya miƙe hannun ya dube shi. In ya tsaya, ya nuna tabarma. In bai tsaya ba, ya ce ya dawo gobe kafin coci.